Hannun Sista Rifkatu: Tafiyata Jos Taron Tunawa da Minista

Juma'a, daga Kano

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata, na ɗora rigar sanyi a kan hijabi. Maigidana Malam Sabo ya rako ni bakin titi yana mita, wai ina ni ina Jos a tsakiyar damina. Na ce masa Rifkatu ce ta kira. Ya bar mitar, don ya san idan Rifkatu ta kira ba a tsayawa shawara.

Ga wanda bai san ta ba, Rifkatu ƙawata ce tun muna 'yan mata. Ni haifaffiyar Jos ce, haƙar kuza ta kai kakana can, aure ya kawo ni Kano. Tare muka koyi aikin jinya da ita, tare muka yi aiki a Vom. Mijinta, Injiniya Bitrus, ya taɓa zama minista mai kula da ruwan sha. Bara ya rasu. Bana aka kafa kwamiti, aka ce za a yi gagarumin taron tunawa da shi. Da ta bugo mini waya magana biyu kawai ta yi.

"Asabe, ki zo. Kuma ki taho da bandeji, mai faɗin nan."

"Wa ya karye?"

"Ke dai ki zo."

A tasha, da aka faɗa mini kuɗin mota, sai da na tambayi yaron mota ko har da masauki da abinci a ciki. Na samu gefen taga. Kusa da ni wani siririn mutum ya zauna, sanye da riga mai hoton fuskar Bitrus a ƙirji. Ya ce sunansa Kwamared Tasi'u, shugaban Ƙungiyar Masoya Baba Minista, reshen Kano.

"Ku nawa ne a ƙungiyar?" na tambaye shi.

"A yanzu dai ni ne, Hajiya, amma ana kan rajista."

"Ka san marigayin?"

"Haba Hajiya! Ai uba ne a gare mu. A zamaninsa muka ciyo kofin ƙwallo."

Na ce masa ministan ruwa ne. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai 'yan ƙwallon ma ruwa suke sha.

Mun karya a Kwanar Dangora da ƙosai da kunu. Da muka shiga dajin Falgore hira ta mutu, direba ya kashe waƙa, kowa ya tuna da Ubangijinsa, har Kwamared na ji yana salati. A wani shinge wani mai kaki ya ce a buɗe jaka. Ya zaro bandejin nan ya juya shi.

"Mama, yaƙi za ki?"

"Taron 'yan siyasa za ni."

Ya mayar mini da abina cikin ladabi. "Allah ya tsare, Mama. Direba, wuce."

Daga Saminaka, inda muka sayi gasasshiyar masara, hanya ta fara hawa. Iska ta sauya, ga duwatsu an ɗora wani kan wani, ga gonakin dankali kore shar. Duk shekarun da na yi a Kano, in na shaƙi wannan sanyin sai na ji kamar Innarmu tana nan a Tudun Wada ta Jos tana jira na da ruwan zafi.

Jos, Kabong

Bayan azahar muka shiga gari. Na tari keke zuwa Kabong.

"Mama, ka riƙe jakanka da kyau, hanya ba shi da lafiya," in ji mai keken.

Ko'ina alluna ne na taron. Sai dai fuskar da ta cika allon ba ta Bitrus ba ce, ta wani mai kumatu ce, Honarabul Markus, shugaban kwamiti. Shi marigayin an maƙale shi a can kusurwa, ɗan ƙarami kamar hoton katin zaɓe. Muka karya kwana muka shiga wani titi da aka kafa wa sabon allo: Titin Injiniya Bitrus. Ramukan da ke cikinsa sun cika da ruwan sama, ga wani ɗan garuwa yana fama da kurarsa daidai ƙarƙashin allon.

"Jiya suka sa wannan," in ji mai keke. "Kwalta kuma sai bayan zaɓe. Oga ya yi alkawari."

Na samu Rifkatu a baranda. Ta rame, furfura ta ci rabin kanta, amma idon nan mai tsare mutum yana nan. Muka rungumi juna, muka yi kukanmu muka gama. Ta zubo mini gwaten acca mai zafi da ganye, na ci har sai da na ji kunyar kaina. Sannan ta rufe ƙofa ta ba ni labari.

Markus yaron Bitrus ne a ofis, shi ke riƙe masa jaka lokacin yana minista. Wata rana aka kawo wa Bitrus aikin wani dam a ce ya sa hannu an gama. Ya tuƙa mota da kansa ya je ya gani, ya tarar da masara ta yi bunni a inda aka ce ruwa yake. Ya ƙi sa hannu. Markus ne ya riƙa kai gulmarsa sama, har ranar da Bitrus ya ji an sauke shi a rediyo yana cikin aske gemu. Yanzu Markus yana neman sanata, kuma a tsarin taron gobe, matar marigayi za ta hau dandali ta ɗaga hannunsa.

"To ki ƙi zuwa mana," na ce.

"A ce matar Bitrus ta raina taron mijinta? Rabaran ya zo, dangi sun zo, kowa yana cewa Mama a yi haƙuri. Ga Dung, aikinsa a ƙarƙashin mutanen Markus yake, yana da mata da yara." Dung shi ne ɗanta na fari. "Zan je. Amma hannun da na riƙa ba Bitrus magani da shi ba zai ɗaga na Markus ba. Ki ɗaure shi."

Duk tsawon aikina masu karaya nake ɗaurewa, ban taɓa ɗaure mai lafiya ba. Amma washegari da safe na yi mata ɗauri a hannun dama tun daga wuyan hannu har kafaɗa, na rataya shi da ɗankwali a wuya, ɗaurin da ko babban likitan ƙashi ya gani sai ya ce sannu.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake ba shi labari. Bitrus mutum ne mai wuyar zama. Yana da maƙo, ba ya dariya sai ya ga dole, in ya zo gidanka ya ga famfo yana ɗiga sai ya yi maka wa'azi kafin ya amsa gaisuwa. Yana minista na roƙe shi ya nema wa ɗana aiki, ya ce yaron ya je ya bi layi. Shekara guda ban yi masa magana ba. Shi bai ma lura ba.

Asabar, zauren taro

An rubuta za a fara da hantsi, don haka da hantsi muka isa otal ɗin, mu tsofaffin ma'aikata da ba mu waye ba. A ƙofar manyan baƙi wani mai kwat da igiya a wuya ya tare mu.

"Madam, wannan ƙofa na iyalin marigayi ne."

"Ni ce matarsa," in ji Rifkatu.

"Ba ki da kati, Madam. Furotokol ne."

Na leƙa ciki. Kujerun iyali sun cika da mutanen da Rifkatu ba ta taɓa gani ba, kowa da anko. A layin gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga Kwamared Tasi'u yana shan lemo. Ya hango ni ya taso da sauri.

"Kai, bar su su shigo, mutanena ne!"

Haka matar Minista ta shiga taron mijinta, albarkacin Kwamared.

Muka zauna. Babban baƙo yana kan hanya, aka ce. Ya daɗe a kan hanyar nan har na fara tunanin ko ta Titin Injiniya Bitrus ya biyo. Lokacin azahar ya yi na fita neman ruwan alwala, na murɗa famfon banɗaki ya yi tari ya yi shiru. Da fiya wata na yi alwala a taron tunawa da ministan ruwa.

Da aka fara, gaisuwar manya kaɗai ta ci lokacin da mace za ta dafa wake. Aka ce a miƙe a yi shiru na minti ɗaya. Ba a kai rabi ba wayar wani ta ɗauki waƙar kamfen ɗin Markus, mai wayar kuma ya bar ta ta kai amshi. Wani tsohon kwamishina ya hau ya ce shi da marigayi kamar 'yan tagwaye suke, ya kira shi Injiniya Bulus har sau uku. Wani shehun malami ya karanta lacca da Turancin da ko ni da na yi aiki da Turawan mishan ban kama ba, ana ta tafi duk inda ya tsaya shan ruwa.

Sai aka zo buɗe mutum-mutumi. Aka ja farin ƙyalle, ganga ta tashi. Bitrus dogo ne siriri, kullum cikin kwat mai gajeren hannu. Wannan kuwa ƙato ne mai tumbi da kumatu, cikin babbar riga. Rifkatu ta matso kunnena.

"Asabe, wane ne wannan?"

Na dubi gunkin na dubi Markus, na ce mata ina jin mai sassaƙar ya fi sanin wanda ya biya shi.

A hannun gunkin akwai famfo, wai da an murɗa ruwa zai zubo. Babban baƙo ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa, masu hoto sun durƙusa suna jira. Ashe wanda aka ajiye a bayan labule da jarka ya ji an fara rabon shinkafa ya tafi. Mai gabatarwa bai rasa ta cewa ba, ya ce wannan alama ce ta cewa tun da Baba ya tafi ruwa ya ƙafe, sai an zaɓi magajinsa.

Markus ya karɓi lasifika ya fito da farin hankici. Ya ce marigayi ubansa ne, malaminsa ne. Ya ce ranar da aka sauke Baba, ko loma ɗaya bai iya kai wa bakinsa ba.

"Wannan kam gaskiya ne," Rifkatu ta raɗa mini. "Ranar sha kawai suka yi."

Sannan aka kira ta. Na riƙe ta muka hau dandali a hankali. Markus ya ga ɗaurin, fuskarsa ta sauya.

"Mama, me ya faru?"

"Tsufa ne, Markus."

"Sannu Mama. Ai ba komai, na hagun ma ya isa."

Wallahi duk shirinmu ba mu tuna mutum hannu biyu gare shi ba. Na dai daure na ce masa ni nas ce, jijiyar ɗaya ce ta ratsa ta ƙeya, in aka ɗaga na hagun ya wuce kafaɗa sai dai a kira motar asibiti a gaban 'yan jarida. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

Rifkatu ta ce a riƙe mata lasifikar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na gode muku duka. Ban san Bitrus yana da masoya da yawa haka ba, shi ma bai sani ba. Ya daɗe yana jinya a gidanmu na Kabong. Gidan yana nan inda kuka san shi, ƙofar ba ta taɓa rufuwa ba. In ya ji ƙarar mota sai ya ce, Rifkatu, duba wa ya zo. In duba, in ce masa ta maƙwabta ce. Na yi murna da yau kuka gane hanya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya."

Ba wanda ya tafa. Wasu suka shiga duba wayoyinsu, tsohon kwamishina ya tsura wa takalminsa ido. Can baya, inda aka tara matan ƙauye da aka kwaso a mota, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Amma ɗan siyasa ba ya barin dandali hannu sake. Ban ankara ba na ji an cafke nawa hannun an cilla sama. Markus ne. Mai gabatarwa ya kwarara ihu: "Ga Hajiya, ƙanwar marigayi, takanas daga Kano! Musulmi da Kirista sun haɗu a kan Honarabul!" Na fizga, riƙon kamar na filaya. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da ba ya rubutuwa, daidai nan fitilun masu hoto suka haska.

Lahadi, Vom

Tun kafin Rifkatu ta dawo daga coci gidan ya cika da masu dubiya. Wannan ta kawo man zafi, waccan ta kawo sunan wani mai ɗori a Bukuru. Dole ta zauna da ɗaurinta tana amsa sannu, tana cin abinci da cokali a hannun hagu, miya tana zuba mata a zane. Na ce mata haƙƙin Markus ne. Ta ce nata hannun dai bai fito a hoto ba.

Da rana Dung ya ɗauke mu a motarsa zuwa ƙauyensu Bitrus, gaba da Vom kaɗan, inda aka binne shi. Yaron bai cika magana ba, kamar ubansa. Muna wuce garken shanun madara ya ce an bugo masa waya da safe, an mayar da shi wani ofis can ƙarshen jiha, inda sai an hau babur an tsallake rafi.

Rifkatu ta dube shi ta ce, "Ni na ja maka, Dung."

"Mama, ni ko waya an yi mini. Baba a rediyo ya ji nasa."

Muka tsaya a Vom na sayi kindirmo mai sanyi, na leƙa unguwar da muka zauna muna 'yan mata. Gidan yana nan, an mai da shi shagon cajin waya.

Kabarin ba wani abin kallo ba ne, siminti ne da gicciye da sunansa, ciyawa ta fara cin gefe. Rifkatu ta yi addu'arta, ni na tsaya daga gefe. Daga nan ta ja ni muka gangara bayan gari, inda wani fili yake shimfiɗe da dankali. Ta ce da can ramin kuza ne, irin waɗanda masu haƙa suka tafi suka bari ruwa ya cika. Nan ƙauyen suke ɗiban ruwa. Nan ƙanen Bitrus ya zame ya nutse suna yara, a gaban idonsa, an aike su da tulu. Ban taɓa jin wannan labarin ba, duk zaman da muka yi. Ta ce shi ma sau ɗaya ya taɓa faɗa mata. Da ya samu iko, abin da ya sa a gaba ke nan: a cike ramukan da ke kusa da gidajen mutane, a haƙa musu rijiyar burtsatse. Bai gama ba aka sauke shi. Wasu ya cike, da yawa suna nan.

A bakin gonar akwai famfon tuƙa-tuƙa, fentinsa ya goge, ba allo ba suna. Mata biyu suka cika bokitansu suka gaishe mu suka wuce. Rifkatu ta waiga ta ga ba kowa.

"Kwance mini abin nan."

Na warware. Ta miƙe hannun, ta kama ƙarfen ta riƙa bugawa da ƙarfi, ruwa ya ɓalle, garai-garai, mai sanyi kamar daga firji. Ta tara ta wanke fuska, ta sake wankewa, ta daɗe tana wankewa, na gane ba ruwan famfo ne kaɗai ke zuba ba. Dung ya juya baya yana kallon duwatsu. Ni kuma na nannaɗe hannun riga na yi alwalar la'asar, na shimfiɗa mayafina a kan ciyawa. Da na idar na zauna ina tuna yadda mutumin nan ya ce ɗana ya bi layi, na ji haushin ya tafi, ban san sanda ya tafi ba.

Kafin mu shiga mota na mayar mata da ɗaurin.

Litinin, komawa gida

Da sassafe Rifkatu ta cika mini buhu da dankali da kabeji da karas, ta ce in kai wa Malam. Dung ya sauke ni a tasha. Ban kai ga mota ba na ji ana "Ga ta nan! Hajiyar Honarabul!" Na ɗaga kai. A bangon tasha, a jikin turakun lantarki, har a bayan keke, ga ni nan hannu a sama, baki a buɗe, hijabi ya karkace. A ƙasa an rubuta cewa iyalan Baba Minista sun yi mubaya'a. Kwaltar titi sai bayan zaɓe, amma fosta kwana ɗaya ta isa.

Kwamared Tasi'u ma motarmu ya shigo, da ƙullin shinkafa da sabuwar hula. Tun daga Jos har Saminaka yana lallashina in karɓi muƙamin uwar ƙungiya. Na ja hijabi na rufe fuska na yi barcin ƙarya har Kwanar Dangora.

Ana kiran la'asar na iso gida. Na tarar da Malam Sabo a zaure da waya a hannu, jikokina sun kewaye shi.

"Sannu da zuwa, ƙanwar Minista," ya ce. "Duk zaman nan namu, ashe surukin gwamnati nake ba a faɗa mini ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobin da suka yi ta kauce wa ramuka da mu, da Dung da ya yi ta ɗawainiya da tsofaffi biyu alhali nasa ya ishe shi. Mutanen unguwa kuma da suka ga hoton nan, ina roƙonku ku daina yi mini Allah ya sa alheri. Bakin da kuka gani a buɗe ba kirari yake yi ba.

Bayan magariba Rifkatu ta bugo ta ji saukata. Ta ce Markus ya aiko mata da kwandon lemo da gaisuwa, wai da zarar ta ji sauƙi zai zo da masu hoto har gida.

"To, Sista Asabe," ta ce, "ke ce mai ɗaurin. Yaushe zan warke?"

Na ce mata irin wannan ciwon ba a yi masa gaggawa. Sai bayan zaɓe.